Muryar Tela a Fayil na 409

Laraba, 7:40 na safe

Na riga mai shara isowa ofis. Na jona butar shayi ba ruwa a ciki, sai da ta fara ƙauri na farga.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko kaina ya daina juyawa. A asibitinmu na maƙogwaro, duk wanda za a yi wa aikin da zai raba shi da muryarsa, ana shigar da shi ƙaramin ɗakin nan mai soso a bango ya naɗi abin da yake so ya bari. Wani minti biyu, wani awa guda. Muryoyin ba sa cikin ginin nan, suna can rumbun ajiya na intanet da muke haya, fayil ɗari shida da sha biyu. Kowane fayil da jerin izininsa a liƙe, wato waɗanda mai muryar ya ce su kaɗai za su ji. Mu ma'aikata ba ma saurara, dokar gidan ke nan. Aikina tsare jerin, shekara biyu ke nan tun da Baba Mai-Naɗi ya yi ritaya ya bar mini kujerarsa mai ƙara.

Jiya da uku da kwata aka ba da umarni ɗaya, don a ƙara injin kwafi cikin kowane jeri, a samu ajiya ta biyu saboda tsaro. Ashe umarnin ba ya ƙari. Goge tsohon jeri yake ya rubuta sabo. Yanzu kowane fayil suna biyu gare shi, asibiti da injin kwafi. Ba uwa, ba mata, ba ɗa.

Muryoyin dai suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Abin da nake ta gaya wa kaina ke nan.

Laraba, 2:15 na rana

Likita, shugabarmu, ta leƙo ta tambaya. Na ce matsala ce daga rumbun, ana kan dubawa. Dogo, wanda teburinsa ke fuskantar nawa, ya ɗago ya kalle ni, ya mai da kai kan kwamfutarsa.

Alhamis, 10:30 na safe

Waya ba ta huta ba. Wata tsohuwa ta ce, "Ƴata, ko ni na ɓata wani abu? Jikata ta ce an rubuta An hana." Na ce ba ke ba ce, Mama, gyara muke yi. Ta ce, "To ku yi a hankali, malam ne a ciki."

Babu takardar da za a duba. Baba bai taɓa rubuta sunayen a wani wuri ba, don mutane a kunne suke gaya masa, wasu ma sai matansu sun fita. Jerin shi ne takardar.

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 8:05 na safe

Dogo ne ya tuna mini, ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce, "Hajiya, rajistar masu shigowa fa tana nan, shekara biyar cur. Duk wanda aka taɓa buɗe wa, ai yana cikin jerin." Kamar in tashi in yi guɗa a ofis. Na ce Dogo, Allah ya ƙara maka tsawo. Ya ce a'a, wannan ma ƙofa yake sunkuya wa.

Juma'a, 5:20 na yamma

Ikon Allah.

Shekara biyu ina zaune a kan rajistar nan ban taɓa karanta ta da idon mutum ba. Lambobi ne kawai, wa ya zo, yaushe, wane fayil, nawa ya saurara. Yau na bi ta layi layi, tsigar jikina na tashi.

Fayil na 88, mutum ɗaya ke buɗe shi, kullum shida saura minti goma na safe, shekara huɗu da wata uku. Kwana goma sha ɗaya kaɗai ya tsallake, a jere, sannan ya dawo. Me ya same shi a kwanakin nan? Oho.

Na 230, wata ce, daƙiƙa bakwai na farko kawai take ji ta rufe. Sau dubu da wani abu. Daƙiƙa bakwai! Ina jin gaisuwa ce kawai, ko kiran sunanta.

Na 17, mutum biyar ne, sau ɗaya a shekara, rana ɗaya, duk cikin awa guda, daga wurare daban daban.

Ni da nake cewa fayil nake tsarewa. Wallahi ban san abin da aka ba ni riƙo ba. Tun ranar Talata dukansu suna zuwa a kan lokacinsu, ana ce musu An hana, suna sake dawowa. Mai shida saura minti goma bai fasa ko sau ɗaya ba.

Na mayar da ɗari da arba'in yau, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ba zan sake ba da umarni na bai ɗaya ba ko za a yanka ni.

Asabar, 6:02 na safe

Na 88. An buɗe. Na yi kuka a kicin, maigida ya zaci albasa ce, alhali ko wuƙa ban ɗauka ba.

Talata, 4:00 na yamma

Ɗari biyar da tara sun koma. Wasu masu muryar suna raye, na tura musu saƙo, sun rubuto sunayen da kansu. Wani ya ƙara da cewa, tun da an tambaya, a cire surukinsa. An cire.

Saura waɗanda suka rasu, kuma akwai wanda suka ambata da bai taɓa zuwa ba. Waɗannan rajista ba ta san su ba.

Likita ta sake tambaya ko kamfanin rumbun sun ba da haƙuri. Na ce ana magana.

Laraba, 11:30 na safe

Akwai abin da na gani jiya na ƙi rubutawa.

Fayil na 409. Wani tela ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Tun da aka ajiye muryarsa babu wanda ya taɓa buɗe ta, ko sau ɗaya. Sai ranar Alhamis ɗin nan, kwana biyu bayan abin da ya faru, ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai na safe, wani ya zo. An hana. Ya sake bayan rabin minti. An hana. Ya dakata minti biyu, ya sake. An hana.

Bai dawo ba. Kwana shida ke nan.

Sauran mutane sun san ƙofarsu ce, shi ya sa suke bugo waya suna faɗa. Wannan bai bugo ba. Na ce wa Dogo in mayar da shi kawai. Ya ce, "Da wace hujja? Kin san dangi nawa ke tsintar kati a aljihun mamaci su gwada sa'a? In ba shi aka bar wa ba fa?" Gaskiyarsa, shi ya sa na ji haushinsa.

Alhamis, 6:10 na yamma

Na je wurin Baba Mai-Naɗi da ragowar ɗari da uku. Na same shi a baranda cikin gawarwakin rediyo, yana ƙona dalma. Ya ce, "A'a, yau mai kujerata ce da kanta? Ta daina ƙara?" Na ce ta ƙaru ma, Baba.

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wa ya danna?"

Na ce rumbun ne ya samu matsala.

Ya ce, "Ni dai a zamanina rumbun ba shi da yatsa." Ya ajiye abin hannunsa. "Karanto."

Abin da na gani a barandar nan ba zan manta da shi ba. In karanta sunan mai murya, sai ya rufe ido, ya ɗan karkata kai kamar mai jin abu daga nesa, ya ce, "Direban tanka. Matarsa ta biyu wajen rasuwa, don haka ƴarsa ta fari da ƙaninsa, ban da babban ɗan." Ko ya ce, "Malamar lissafi. Ɗalibinta guda, wanda ya zama injiniya, da mahaifiyarta." Mutumin da matarsa ta ce jiya ya sa tabarau a firji! Sau biyu na gwada shi da waɗanda na riga na san amsarsu, bai kuskure ba. Ya gane kuma, ya ce, "Ƴar nan, jarrabawa kike mini a gidana?"

Na tambaye shi yadda yake riƙe su. Ya ce shi ba ya jin abin da suke naɗa, yana fita ya ja ƙofa. Abin da yake ji kaɗai shi ne amsar tambaya ɗaya, wa za a bar wa? Ya ce, "Wannan ce kalmar ƙarshe da yawancinsu suka faɗa wa wani da bakinsu. Ta yaya zan manta?"

Na bar 409 a ƙarshe don tsoro. Da na karanta, ya daɗe bai buɗe ido ba.

"Tela. Ƙaramin ɗansa, mai aski. Shi kaɗai."

Ya ce telan ya so yaron ya gaji shagon ɗinki, yaron ya ɗauki babban almakashin uban ya fara yi wa abokansa aski a bayan gida. Uban ya kama shi, aka yi maganganun da ba a mayarwa, yaron ya bar gida. Ko asibiti bai zo ba. Telan ya ba da lambar wayarsa, ya ce wa Baba, "Ba zai zo yanzu ba. Ka dai bar masa a buɗe."

Na duba lambar wanda aka hana ranar Alhamis. Ƙarshenta biyu, shida, shida. Baba ya faɗi haka kafin in nuna masa.

Ya ce, "Ya zo ke nan?"

Na ce ya zo.

Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauki rediyonsa. Da ma ya zage ni.

Juma'a, 7:15 na safe

Na mayar da sunansa a 409. Na duba sau huɗu. Ƙofa a buɗe take, ba mai shiga.

Juma'a, 3:00 na rana

Na kira lambar. Tana shiga, ba a ɗauka. Na tura saƙo da sunan asibiti cewa an gyara matsala. Shiru.

Lahadi, 5:30 na yamma

Ba kowa a 409.

Maigida ya ce kwana goma sha biyu ke nan ina zuba masa sukari sau biyu a shayi, shi bai yi ƙorafi ba, amma haƙoransa sun fara. Ya ce, "Me ke cin ki?" Na ce aiki. Ya ce aiki ya daɗe yana cin ki, wannan wani abu ne.

Litinin, 1:45 na rana

A takardun telan akwai lambar babbar ƴarsa, ita ta yi jinyarsa. Na kira ta. Da ta ji daga inda nake, sai muryarta ta canza.

Ta ce shekara huɗu tana lallaɓa ƙaninta. Katin ma ita ta riƙa mayar masa duk sanda ya jefar. An haifa masa ɗa namiji wata guda da ya wuce, ranar Alhamis ɗin nan ya zo gidanta da kansa, ya zauna a bakin gado ya ce, "Yaya, nuna mini yadda ake yi." Tana tsaye a kansa ya gwada sau uku. Sai ya yi dariya, ya ce, "Kin gani? Har a kabari bai huce ba." Ya ajiye mata katin ya fita.

Na ce ta gaya masa matsala ce ta na'ura, an gyara.

Ta ce, "Baiwar Allah, na gaya masa. Cewa ya yi ni na je na roƙe ku kuka saka shi don tausayi. Ya ce na'ura ba ta zaɓar ranar da mutum zai zo. Ku kuma asibiti me za ku ce in ba matsalar na'ura ba? Kullum haka kuke cewa."

Kullum haka muke cewa.

Talata, 6:30 na safe

Mako biyu yau.

Ni na danna. Ni ce. Ba rumbu ba, ba kamfani ba. Dogo ma ya ce in gwada a fayil ɗaya tukuna, na ce masa ni ba sabuwar hannu ba ce, ina sauri in ɗauko yara daga makaranta. Ga shi na rubuta, hannuna na rawa kamar na tsohuwa.

Talata, 10:20 na safe

Na shiga ofishin Likita na faɗa mata a tsaye. Ta cire tabarau ta ce, "Kuskuren ban ji zafinsa ba kamar mako biyun da kika bar ni ina shirin kai ƙarar mutanen da ba su yi komai ba." Ta karɓe ikona na taɓa kowane jeri, ta ba Dogo, har kwamiti ya zauna. Ko rajista ba zan ƙara gani ba. Na ce na ji, abu ɗaya nake roƙo, ta sa hannu a takardar da ke nuna ranar da lokacin da aka goge, da sunan wanda ya goge. Ta tambayi me zan yi da ita. Da na gaya mata, ta sa hannu ba ta ce uffan ba.

Dogo ya cire sunana daga rumbun a gabana, yana ta ba ni haƙuri. Na ce yi aikinka, kuma ka gwada a ɗaya tukuna.

Laraba, 4:40 na yamma

Yayarsa ta kwatanta mini shagon. Kujera biyu, madubi mai tsaga a kusurwa, fanka na kaɗa gashi a ƙasa. Yana tsakiyar aski na shiga, maza uku a benci suka bi ni da ido, mace a shagon aski da jakar ofis. Ya ce, "Hajiya, yaro za a kawo?" Na ce a'a, zan jira.

Da ya sallami mutumin na ce daga asibitin maƙogwaro nake. Fuskarsa ta rufe nan take. Ya ce, "Yaya ce ta turo ki."

Na ce, "Ni na rufe maka ƙofar. Ba mahaifinka ba."

Na ba shi takardar. Na nuna masa Talata, uku da kwata, da sunana, da sa hannun Likita, da adadin mutanen da na rufe wa tare da shi. Na ce sunansa na nan shekara huɗu da wata biyu, shi kaɗai, ko yayarsa ba ta ciki, na goge shi kwana biyu kafin ya zo. Na ce an dakatar da ni a kan haka, in yana so ya kira ya tambaya. Na gaya masa abin da telan ya ce wa Baba, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba.

Ya karanta takardar har ƙasa, ya koma sama. Ya ce, "Kwana biyu."

Na ce kwana biyu.

"Shekara huɗu ban zo ba, sai da kika..." Bai ƙarasa ba. Wani a benci ya ce, "Oga, sauri nake fa." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya karkaɗe zanen aski ya ce, "Na gaba." Na ajiye masa katin kusa da burushi na fito. Ƙafafuna da kyar suka kai ni bakin titi.

Alhamis, 9:00 na safe

An ba ni jera tsofaffin takardu a ɗakin baya. Ban tambayi Dogo ba.

Juma'a, 12:00 na rana

Na tambaye shi. Ya ce, "Hajiya, kin san ba zan iya gaya miki ba." Na ce na sani, ni na koya maka. Ya ce to.

Lahadi, 6:00 na yamma

Na gaya wa maigida komai. Ya ce, shi ke nan? Shi ya zaci wata cuta aka gano mini. Ya haɗa shayin da kansa.

Shida saura minti goma na farka yau ba agogo. Na kwanta ina tunanin wani can yana saka abu a kunne.

Talata, 2:30 na rana

Mai gadi ya leƙo ɗakin baya ya ce wani na nemana a waje, ya ƙi shigowa.

Mai askin ne, a jikin babur ɗinsa, da waya a hannu. Idonsa ya yi ja kamar wanda gashi ya faɗa wa. Bai gaishe ni ba ma, ya ce, "Minti tara ne. Kin san abin da ke ciki?"

Na ce ban sani ba, ba ma saurara.

Ya ce shi ya shirya wa faɗa, ko wa'azi, ko a ce an yafe masa, wanda ya fi tsoro. Ya ce, "Wasa almakashi yake koya mini. Daga farko har ƙarshe. Yadda ake kwance ƙusar, yadda ake kwantar da bakin a dutse, kada a taɓa cikin. Yana tari yana cewa, na gashi ya fi na yadi laushin baki, don haka ka sassauta hannu." Ya haɗiye wani abu. "Ina ya san na gashi, Hajiya? Tela ne. Sai da ya je ya tambaya."

Ban iya magana ba. Mutum yana da minti tara na ƙarshe na muryarsa a duniya, abin da ya zaɓa ke nan. Allah mai iko.

Ya ce sau shida ya ji tun jiya, kuma duk shekarun nan ashe ba daidai yake wasawa ba, shi ya sa almakasansa ke cinye masa gashi. Ya yi dariya, ya goge hanci da bayan hannu. Sai ya zaro abin sauraren daga kunnensa guda ya miƙo mini.

"Ji muryarsa. Ko kaɗan."

Wallahi na so. Mako uku ina kwana ina tashi da mutumin nan ban san ko muryarsa siririya ce ko kakkaura ba. Hannuna har ya ɗaga.

Na ce, "A'a, ƙanina. Sunana ba ya cikin jerin."

Ya kalle ni, ya mayar da abin kunnensa, ya tayar da babur. Na koma ɗakin baya, saura akwati huɗu ban jera ba.